Baba Maɗori da Kokawar Japanawa

Sunansa Idirisu, amma a Limawa ta Dutse in ka tambayi gidan Malam Idirisu sai an ce maka wanne, don suna da yawa. In ka ce Baba Maɗori, ko baƙuwar da ta kawo tallan nono za ta nuna maka zauren. Ɗori ya gada wurin mahaifinsa, shi ma mahaifin wurin nasa ya gada. Mutum ne gajere siriri, sai dai tafukan hannunsa kamar an aro na wani ƙato an liƙa masa. Yana da gona a bayan gari, da 'yan awaki, da bishiyar dabino biyu a tsakar gida waɗanda ba ya yarda kowa ya hau sai shi.

Ni sunana Ɗayyabu, aikina koyar da judo. Ina cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Kano aka kawo Dutse a 1991, da aka ƙirƙiro jihar Jigawa. Mun zo muna ƙunƙuni, don a lokacin gidan haya ma wuyar samu yake, ofis ɗaya sai ka ga mutum goma a ciki. Aka ce in kafa ƙungiyar judo, aka ba ni wani tsohon sito da aka daina ajiye gyaɗa a ciki. Katifun wasa ba su iso ba, sai muka cika buhuna da ƙaiƙayi muka jera, muka shimfiɗa tamfol a kai. Ga wanda bai sani ba, judo kokawa ce ta Japanawa. Ana sa farar riga mai kauri da ɗamara, ka kama rigar abokin karawarka ka kai shi ƙasa.

'Yan wasa kuwa a ƙauyuka na nemo su, cikin 'yan kokawar gargajiya. Babbansu Sagiru ne, mutumin Kafin Hausa, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda ake cewa ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. Abin da ya cuce shi ke nan. Abu na farko da ake koya a judo shi ne yadda za ka faɗi ba ka ji ciwo ba, shi kuwa Sagiru yana ganin koyon faɗuwa raini ne. Ranar da wani ƙaramin ɗan wasa ya ɗaga shi, sai ya miƙa hannu zai tokare ƙasa. Muka ji ƙas, kafaɗa ta goce.

Wani direba ne ya ce mu tafi Limawa. Muka tarar da Baba a zaure yana feƙe karan dawa, ga gwangwanin man shanu a gefe, ga tsummoki a ninke. Bai tambaye mu komai ba. Ya shafa kafaɗar, ya yi bisimilla, ya sa Sagiru ya kwanta, ya tokare hammatarsa da diddige, ya ja hannun sannu a hankali yana tambayarsa ko an yi shuka a Kafin Hausa. Sagiru na cikin ba shi amsa ƙashin ya koma. Sai da ya gama ɗaurewa sannan ya dube ni.

“Daga mota ya faɗo?”

“A'a Baba, wasa ne.”

“Wasa,” in ji shi. Ya maimaita kalmar kamar yana ɗanɗana ta. “To, Allah ya kyauta.”

Cikin wata huɗu na kai masa mutum uku: targaɗe biyu, yatsa guda. Ana nan ran wata Laraba da hantsi, muna cikin atisaye, sai na ga mutum a bakin ƙofa ya jingine keke. Baba ne. Ya ce ya zo ya ga gidan da ake karya masa mutane. Na ba shi benci ya zauna, ya yi kallo har muka tashi, fuskarsa a ɗaure. Da 'yan wasa suka watse ya ce in zo in zauna.

“Wane ne ya ƙirƙiro wannan abu? Kuma me mutane suka yi masa?”

Na yi dariya, na ba shi labarin kamar yadda aka koya mana a kwas a Legas. Na ce a Japan ta dā akwai mayaƙan sarakuna, masu takobi da sulke. In takobi ya faɗi a fagen fama, naushi ba ya yi wa mai sulke komai, don haka suka ƙware a kayarwa da murɗe gaɓa da shaƙewa. Ana kiran wannan jujitsu, kowane gida da irin tasa, uba ya koya wa ɗa, ba a nuna wa bare.

“Kamar ɗori,” in ji Baba.

Na ce to, daga baya zamani ya juya, gwamnati ta hana yawo da takobi, mayaƙan nan suka rasa abin yi. Sai wani saurayi ɗan makaranta, ƙaramin jiki, wanda abokai suka saba cin zalinsa, ya shiga neman wanda zai koya masa. Ya koya a wuri biyu-uku, ya tace, ya ware abubuwan da ke kisa, ya bar waɗanda za a iya yi da ƙarfi ba a yi rauni ba. A 1882 ya buɗe tasa makarantar a wani ɗaki mai tabarma goma sha biyu, da ɗalibai tara. Ya sa mata suna judo, wato hanyar sauƙi.

“Sauƙi? Na ga sauƙin a kafaɗar Sagiru. Yaya sunan mutumin?”

“Kano.”

“Ba garinku na tambaye ka ba.”

“Wallahi Baba, sunansa ke nan. Kano.”

A ranar na fara ganin haƙoransa. Ya yi dariya har da tari, ya ce, “Mun samu an raba mu da Kano, ashe ta biyo mu ta Japan.”

Don in ƙara masa nishaɗi sai na ce ai akwai abin da ban faɗa ba. Lokacin da saurayin nan yake neman malami, gidajen maɗora ya riƙa bi. Tsofaffin gwanayen jujitsu da yawa, da aikin yaƙi ya ƙare, ɗori suka koma yi, don wanda ya san yadda gaɓa ke gocewa ya san yadda take komawa. Malaminsa na farko ma maɗori ne.

Baba ya daina dariya. Ya dubi tamfol ɗin nan. Can ya ce, “Maɗori ne? Da hannunsa yake ɗori?”

“Haka aka rubuta.”

“Ashe 'yan'uwana ne,” in ji shi. Ya miƙe ya ɗauki kekensa. “Wace rana kuke koyar da faɗuwar nan?”

Yana da shekara wajen sittin lokacin. Na so in hana shi, na ce ƙashin tsoho ba irin na yaro ba ne. Ya ce ni zan gaya masa halin ƙashi? Haka ya fara zuwa Litinin da Laraba, bayan ya sallami marasa lafiyar safe. Ya karɓi farar rigar, amma wandon ya ce ya ɗangale da yawa, da nasa zai yi. Muka fara daga zaune: ka naɗe haɓa a ƙirji, ka mirgina baya, ka daki ƙasa da dukan hannu, kada ka tokare. Daga nan tsugune, daga nan tsaye. Abin mamaki, ya fi samarin saurin ganewa, don shi ba ya jin kunyar ƙasa, kuma duk abin da na ce a yi ya san dalilinsa kafin in faɗa. In na ce kada a miƙe hannu, sai ya kama wuyan hannunsa ya nuna wa na kusa da shi daidai inda yake karyewa.

Sagiru da ya warke ya dawo ya tarar da mutumin da ya ɗora shi yana birgima a ƙasa, gemu duk ƙaiƙayi. Daga ranar ban sake yin gardamar faɗuwa da shi ba.

Kayarwa kuwa Baba ya ƙi koya ƙememe. Na yi na yi, ya ce shi faɗuwa ya zo koya, hannunsa ba na kayar da mutum ba ne. Shekara goma sha uku yana zuwa sitonmu, bai taɓa kai kowa ƙasa ba, kuma ɗamararsa fara ce ta 'yan koyo har ya bari.

Matarsa, Iya Indo, ba ta ɗauki abin da sauƙi ba da farko. Ranar da na je gaishe su ta leƙo daga bayan labule ta ce, “Kai ne mai jefar min da tsoho a ƙasa? Mutum ya fita da kaya fes, ya dawo kamar an tono shi daga rumbu.” Na ba ta haƙuri. Bayan wata biyu Baba ya gaya min a asirce cewa ya koya mata a kan katifar ɗaki, ita ma ta tara tsofaffin matan layinsu tana nuna musu. Ya ce a damina santsin bayi da bakin rijiya ne ke kawo masa mata da karyayyen wuyan hannu, kuma duk hannu suke miƙawa.

Daga nan ya kafa wata al'ada. Duk wanda ya ɗora ya warke, in mai ƙarfi ne, sai ya ce masa sauran magani yana sito, ya je wurin Koci, wato ni, safiya uku. Dutse tana ta gine-gine a shekarun nan, ga babura sun fara yawa, sai na wayi gari ina koya wa birkiloli da kafintoci da 'yan acaɓa yadda ake mirginawa. Wasu sun zo sau ɗaya sun gudu. Wasu sun zauna, har biyu daga cikinsu suka wakilci jiha. Na taɓa ce masa, “Baba, kana rage wa kanka masu zuwa.” Ya ce masu faɗuwa ba za su ƙare ba, shi dai ya gaji da jin kukan manya.

Wajen 1997 wani kaset ɗin bidiyo ya shigo gari daga Kano. Gasa ce a Amurka, ana haɗa masu dambe da masu karate da masu kokawa a cikin keji, sai wani siririn ɗan Barazil mai farar riga irin tamu ya riƙa jan ƙatti ƙasa, ya naɗe su da ƙafafu, ya kama hannu ya lanƙwasa har su sallama. Samarin Dutse suka haukace. A kowane lungu sai ka ga biyu a ƙasa, ɗaya ya maƙale hannun ɗaya. Cikin mako uku aka kai wa Baba gwiwar hannu huɗu.

Ya zo gidana da la'asar, ko zama bai yi ba ya ce, “Wannan kuma daga ina? Kai ka koya musu?”

Na rantse ba ni ba ne, na sa masa kaset ɗin. Ya zauna dab da talabijin. Duk sanda aka kama hannu sai in ga shi ma ya dafe tasa gwiwar hannun. Ya ce, “Wannan rigar ku ce. Me ya kai ta Barazil? Ba ƙasar 'yan ƙwallo ba ce?”

Na ce masa ɗaya daga cikin ɗaliban makarantar Kanon nan na Japan ne ya fita yawon duniya yana karawa da mutane a gidajen wasa, har ya sauka Barazil a 1914, ya zauna a wani gari na bakin ruwa. A nan ya koya wa wasu samari, cikinsu har da ɗan wani ɗan kasuwa, shi kuma ya koya wa ƙannensa. Su ba su damu da kayarwa irin tamu ba, sai suka mai da hankali ga abin da ke biyo baya in an kai ƙasa, inda ƙarami zai iya gajiyar da babba. Shekara da shekaru suna gyarawa har ta zama tasu, ake ce mata jujitsun Barazil.

“To jika ce,” in ji Baba. “Ta ɗauko halin kakanta.” Sai ya nuna talabijin. “Mayar da shi baya. Me wancan ƙaton yake yi da hannunsa?”

Na mayar. Na ce bubbuga ƙasa yake yi, alamar ya sallama. Da zarar mutum ya bubbuga, ko ƙasa ko jikin abokinsa, dole a sake shi nan take. Mu ma haka dokarmu take.

“Yaran unguwa sun san wannan?”

“Ina jin kamun kawai suka gani.”

Ranar Asabar ya aika aka tara masa samarin Limawa da na maƙwabta a sito, sun fi arba'in. Ya zo da ƙafar akuya ta gaba da ya karɓo wurin mahauci, an feɗe fatar. Ya ɗaga ta kowa ya gani, ya lanƙwasa gaɓar ta inda take lanƙwasuwa. Sai ya juya ta ya fara dannawa ta baya, a hankali, yana cewa, “Nan zafi ne kawai. Nan jijiya ta fara miƙewa. Nan ya kamata a ce an saki.” Ya ƙara dannawa kaɗan, abin ya yi ƙara. Ya ce, “Wannan wata uku ne a ɗaure, kuma ba lallai ta koma kamar dā ba. Wanda aka kama ya bubbuga, ba ragwanci ba ne. Wanda ya kama ya saki. Duk wanda aka kawo min na ji an bubbuga masa bai saki ba, shi zai riƙa yi wa majinyacin noma har ya warke, kuma ni zan je in gaya wa ubansa.” Daga nan ya miƙa min su. Rabinsu sun zama ɗalibaina.

A shekarar 2000 aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa. Mu dai ba mu ga abin da ya shafe mu ba, sai ran nan wani malami matashi, Malam Ashafa, daga kwamitin unguwa, ya yi sallama a sito. Cikin ladabi ya ce an kai musu magana cewa muna yi wa juna ruku'u, kuma muna sunkuya wa hoto. Maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. A judo ana sunkuyawa kafin a kama da bayan an gama, kuma na liƙa hoton wanda ya kafa wasan a bango, wanda na yanko daga wata mujalla. Na fara kame-kame ina cewa gaisuwa ce kawai ta Japanawa, raina ya soma ɓaci.

Baba yana gefe yana ɗaure ɗamara. Ya taso ya ce, “Ashafa, yaya ƙafar hagun?”

Malamin ya rusuna ya gaishe shi, ya ce lafiya lau. Ashe Baba ne ya ɗora ta tun yana ƙarami, da ya faɗo daga jaki.

“Maganarka gaskiya ce,” in ji Baba. “Ni ma tun da na zo ban taɓa sunkuyawa ba, Koci ya ɗauka ciwon baya ne.” Ya juyo gare ni. “Cire hoton nan ka ba ni. A nan gida kuma, wa ya hana mu musabaha? Ka ba ɗan'uwanka hannu, ka yi masa sallama, sannan ka kayar da shi.”

Na ce a gida babu matsala, amma in muka je gasa a Legas ko Bauci alƙalin wasa ba zai bari a fara ba sai an yi gaisuwar.

Baba ya tsaya a gaban Malam Ashafa, ya dafa ƙugunsa. “Ruku'u a nan yake, ko ba haka ba? Baya ya miƙe, hannu a gwiwa.” Sai ya ɗan sunkuyar da kai kaɗan. “Wannan kuma a wuya yake. Ni ilimina na gaɓoɓi ne, hukuncin naku ne. Ka je ka tambayo mana manya.”

Malam Ashafa ya yi murmushi ya ce zai tambaya. Bayan mako guda ya dawo ya ce a gida a tsaya ga musabaha, a waje in an tilasta a sunkuyar da kai kawai, da niyyar gaisuwa. Haka muka yi ta yi. Hoton kuwa Baba ya ninke shi ya sa a akwatin ƙarfen da yake ajiye takardun gonarsa. Ya ce maɗori ne ya koyar da mutumin, ba za a bar shi a shara ba.

Wanda abin ya fi taɓawa a lokacin Sagiru ne. A wasu garuruwa an daina kiɗa a filin kokawa, shi kuwa ya ce kokawa ba ganga kamar tuwo ba miya ce. Muna zaune a zauren Baba da rana yana ta wannan ƙorafi, sai na ce masa ai a Barazil ma an taɓa yin makamancin haka. Suna da wani wasa, kapowera, wanda bayin da aka kwaso daga Afirka suka raya. Ana yin da'ira, ana kaɗa wani abu mai tsirkiya ɗaya kamar baka, ana waƙa, mutum biyu su shiga tsakiya suna juyi da shuri da tsayuwa a kan hannu, wanda bai sani ba sai ya ce rawa ce. Gwamnati ta haramta shi a 1890, aka yi ta kama masu yi, sai bayan shekara arba'in da wani abu aka sake shi, yanzu kuma ƙasar tana alfahari da shi.

Baba bai kula da maganar haramcin ba. Ya ce, “Bayi daga ina?”

Na ce mafi yawa daga can kudu, wajen Angola, kuma an fi danganta wasan da su. Amma wani abokina malamin tarihi ya gaya min cewa a wani yanki da ake kira Bahiya an kai Yarabawa da Nufawa da Hausawa da yawa. Hausawan ma sun yi bore tun wajen 1807. A wani boren na baya, da aka kashe wasu Musulmi, an sami layu a wuyansu da rubutun Larabci a ciki.

Baba ya ajiye karan da yake feƙewa. “Hausawa? Irinmu? Masu salla?”

“Haka ya ce.”

“Sun dawo?”

“Kaɗan sun dawo ta Legas. Yawancinsu can suka mutu.”

“Sunayensu fa? 'Yan wane gari ne?”

Na ce ban sani ba, ina jin babu wanda ya sani. Baba ya share ido da bakin hularsa. Ya ce kakarsa ta sha ba su labarin wani wanta da aka kama a hanyar kasuwa ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Bai ce can aka kai shi ba, ni ma ban ce ba. Iya Indo ta gaya min daga baya cewa tun ranar, in ya idar da sallar asuba yana yi wa iyaye addu'a, sai ya ƙara da “da 'yan'uwanmu na Barazil.”

A 2003 'ya'yansa suka haɗu suka kai shi aikin hajji. Kafin ya tafi ya sa na zana masa tutar Barazil a takarda, kore da ruwan ɗorawa, ya sa a aljihu. Ya kuma ɗaure dabinon gidansa a leda ya cusa a jaka. Iya Indo ta ce duk duniya babu wanda ya taɓa kai dabino Makka sai shi. Ya ce nasa daban ne.

Da ya dawo muka je tarya, ni da Sagiru. Bayan an watse ya ba mu labari. Ya ce kwana goma sha ɗaya yana duba jakunkunan alhazai, ya ga tutar duniya duka ban da wannan. Sai ana gobe za su bar Makka, a harabar masallaci bayan azahar, ya hango ta a jakar wani dattijo fari mai ƙiba, yana ɗingishi. Ya bi shi ya riƙe masa riga yana cewa, “Barazil? Barazil?” Mutumin ya tsorata. Allah ya kawo wani ɗalibi ɗan Nijar mai jin Larabci ya yi musu tafinta, don dattijon asalin iyayensa Larabawa ne.

“Na tambaye shi Hausawa, ya ce ya taɓa jin an yi baƙaƙen Musulmi a can tun dā, amma garinsu da nisa da nasa, shi yadi yake sayarwa. Na tambaye shi kokawar, ya ce ɗan ƙanwarsa yana yi, shi kam ko gudu ba ya iyawa. Sai na ce ya zauna in ga gwiwar.”

“A harami, Baba?” in ji Sagiru.

“A gefe, inda ba a tare hanya. Ba karaya ba ce, ruwa ne da nauyin jiki. Na murza masa, na ɗaure da gefen haramina na dā, na ce ya rage cin maiƙo.” Daga nan ya ciro ledar dabinon ya ba shi. Ya ce ya ci rabi, rabin kuma in ya koma gida ya nemi baƙin mutum, ko wane ne, ko ba Musulmi ba, ya ba shi, ya ce masa mutanen Limawa suna gaisuwa. Ɗalibin ya rubuta masa Limawa a bayan tikitin mota don kada ya manta.

Na ce, “Kana ganin zai kai?”

“Ya yi kuka dai,” in ji Baba. “Amma mutum ne mai son zaƙi, na gani a jikinsa.”

Ya ci gaba da zuwa sito har 2005, sannan idonsa ya fara rauni ya daina hawa keke. Ɗori kam bai bari ba, don ya ce hannu ke gani. Ya rasu a damina ta 2007 bayan zazzaɓin kwana huɗu, aka yi masa salla da hantsi. Mutanen da suka zo, da yawa ban san su ba, daga Garki, daga Kiyawa, daga rugagen Fulani, kowa ka tambaya sai ya nuna maka hannu ko ƙafa. Babban ɗansa ne yake zaune a zauren yanzu, hannunsa ma yana da kyau. Allah ya jiƙan Baba Idirisu, ya sa ya huta.